Ranar Farko a Aji Ɗaya: Me Malama Za Ta Yi Daga Safe Zuwa Tashi?

Wata malama da ta kama aiki kwanan nan ta yi tambaya kamar haka: "An ba ni aji ɗaya na firamare, yara wajen 40, kuma ban taɓa buɗe shekarar karatu da ƙanana ba. Me zan koyar ranar farko? Wane wasa zan yi da su? Yaya zan yi kada ajin ya kuɓuce mini?"

Malama, sannu da ɗaukar wannan nauyi, Allah Ya taya ki riƙo. Kafin komai, ki rufe manhaja ki ajiye ta gefe na yini ɗaya. Darasin ranar farko shi ne ajin kansa: yadda ake shiga, yadda ake zama, yadda ake neman izini, yadda ake fita. Idan wannan ya zauna, baƙi da wasali da ƙidaya za su zo da sauƙi. Idan kika tsallake shi, kullum sai kin ɓata rabin darasi wajen cewa "ku yi shiru" har shekara ta ƙare.

Ki fara da shiga zuciyar ɗan shekara 5 ko 6 da aka kawo miki. Abin da ke damunsa daban ne da abin da ke damunki. Yana son ya san inda zai zauna. Yana kallon fuskarki ya gane ko mai faɗa ce ke. Yana tunanin idan fitsari ya matse shi ina zai je, wa zai gaya wa. Babbar fargabarsa kuwa ita ce ko za a dawo a ɗauke shi. Ba zai furta ko ɗaya ba. Wani kuka zai yi, wani ya ƙame a wuri ɗaya, wani ya yi ta zagaye aji yana taɓa komai. Duk abin da za ki tsara a ranar, ki auna shi da wannan: yana amsa ɗaya daga cikin tambayoyin nan?

Masana sun daɗe da bin diddigin wannan. A 1980, Edmund Emmer da Carolyn Evertson da Linda Anderson na Jami'ar Texas a Amurka sun buga sakamakon zaman da suka yi a azuzuwan aji uku tun daga makonnin farko na shekara. Malaman da ajinsu ya tafi daidai har ƙarshen shekara su ne waɗanda suka koyar da tsarin aji kamar yadda ake koyar da darasi: su yi bayani, su nuna, su sa yara su gwada, su gyara musu. Sauran malaman ma suna da dokoki, sai dai faɗa kawai suka yi suka wuce. Kafin su, a 1970, Jacob Kounin ya nazarci hotunan bidiyo na azuzuwa ya ga cewa bambancin malamai bai tsaya ga irin tsawatarwar da suke yi bayan an yi laifi ba. Gwanayen su ne masu tsara aji yadda laifin ba ya samun ƙofar shiga, kuma yara sun san idon malama yana kan kowane lungu.

Saboda haka aikinki zai fara tun ana gobe. Ki karɓi rajista ki karanta sunayen da babbar murya har bakinki ya saba. Ki yanka kwali ki rubuta sunan kowane yaro ki manna a wurin zamansa, kuma tunda yawancinsu ba su iya karatu ba tukuna, ki zana wata alama kusa da sunan, tauraro ko kifi ko mota, wadda yaron zai gane da ita. Kada ki bar su su zaɓi wurin zama da kansu a ranar farko. Masu ƙarfi za su kwashe gaba, mai kunya ya ƙare a ƙurya inda ba za ki gan shi ba. Ki tanadi takarda ɗaya mai sunan kowane yaro, da wanda zai zo ɗaukarsa, da lambar waya, da duk wata lalurar lafiya kamar asma ko sikila ko farfaɗiya ko abin da jikinsa ba ya ɗauka. Ki ajiye wando biyu ko uku na canji a cikin leda. Sannan ki durƙusa a tsakiyar ajin ki duba shi daga tsayin yaro: allon yana ganuwa daga bencin baya? Akwai ƙusa da ta fito? Akwai hanyar wucewa tsakanin layuka? Kayan da ba ki shirya koya musu amfani da su ba, irin su almakashi da gam, ki ɓoye su tukuna.

Da safe ki tsaya a bakin ƙofa, kada ki zauna a tebur. Duk yaron da ya iso ki rage tsawo ki dube shi, ki faɗi sunanki, ki tambayi nasa, ki maimaita shi yadda ya faɗa. Idan akwai sunan da ake kiransa da shi a gida wanda ya bambanta da na rajista, ki rubuta, domin akwai yaron da za ki yi ta kira bai waiwayo ba don bai san sunan rajistar nasa ne ba. Ki nuna masa inda zai ajiye jaka da inda zai zauna. A kan kowane benci ya kasance akwai farar takarda da fensir mai launi tun kafin su iso, ki ce masa, "Zana mini kanka kafin in zo." Yara ba tare suke isowa ba, shigowar tana iya cin rabin awa, kuma wanda ya riga zuwa idan ba shi da abin yi zai nemo wa kansa.

Kuka kuwa sai an yi shi. Kada ya tayar miki da hankali, kada kuma ki ɗauke shi rashin tarbiyya. John Bowlby, likitan nan na Ingila da ya yi suna a nazarin shaƙuwar yaro da mai renonsa, ya nuna cewa kukan rabuwa ɗabi'a ce ta yaro mai lafiya. Ki roƙi iyaye su yi sallama gajera, a fili, su tafi. Abu biyu ne ke tsawaita kukan: uwar da ta tsaya a taga tana leƙe, da wadda ta sulale ba ta yi sallama ba. Ta biyun ta fi muni, domin yaron zai koyi cewa da ya kau da kai za a gudu a bar shi, gobe kuwa ba zai saki zanenta ba. Ke ma kada ki ce masa "yanzun nan za ta dawo." Ƙarya ce, zai gane, kuma daga nan maganarki ta rage daraja a wurinsa. Ki gaya masa gaskiya da ma'aunin da ya sani: "Za mu yi zane, mu fita wasa, in ba ku labari, sai Mama ta zo." Ki zaunar da shi kusa da ke, ki ba shi ɗan aiki, ya riƙe miki alli ko ya raba takardu. Kada ki yarda a yi masa dariya, kada kuma ki tsayar da aji gaba ɗaya a kansa.

Da zarar yawancinsu sun hallara, abu na farko da za ki koyar shi ne alamar shiru. Ita ce uwar sauran tsare-tsare, domin ba za ki koyar da komai ba sai kina iya tattaro hankalin yara 40 ba tare da kin ɗaga murya ba. Ki zaɓi alama ɗaya tak: tafi uku da za su mayar miki, ko ɗaga hannu, ko 'yar ƙararrawa. Ki gaya musu abin da za su yi idan sun ji: a ajiye abin da ke hannu, a rufe baki, a dubi malama. Sai ki nuna da jikinki, ki zauna a benci kamar ɗaliba kina zane, ki sa wani yaro ya yi tafin, ki ajiye fensir ki ɗago kai. Ki tambaye su, "Me kuka ga na yi?" Ki kira yaro ɗaya ya gwada, sannan layi ɗaya, sannan aji duka. Ki ce su yi ta hira da na kusa da su, ki ba da alamar, ki jira. Gani ya kori ji, kuma ga ɗan shekara 6 abin da ya yi da jikinsa ya fi duka biyun zama.

Wurin da sababbin malamai suka fi tuntuɓe shi ne jiran. Kin yi tafi, yara 35 sun yi shiru, biyar suna surutu, sai ki ga ai an samu, ki fara magana. To kin koya wa ajin cewa alamar ba ta wajaba a kan kowa ba, kuma gobe biyar ɗin za su zama goma sha biyar. Ki tsaya, fuska a sake, har na ƙarshe ya ɗago. Ki ambaci abin da kika gani daidai: "Layin taga duk sun ajiye fensir." Idan bai yi kyau ba, ki ce a sake, ba tare da fushi ba. Ki maimaita gwajin sau da yawa cikin yinin, ki mai da shi kamar wasa.

Na biyu shi ne banɗaki, kuma kada ki bari a yi awa ɗaya ba ki kai su ba. Nan ne za ki koyar da yin layi: layi ɗaya na benci ya tashi, ya tura kujera ko ya gyara wurinsa, ya je ya tsaya, sannan na gaba. Idan kika ce "kowa ya yi layi" lokaci ɗaya, ture-ture za ki gani. Ki zagaya da su su ga banɗakin maza da na mata, wurin ruwa, ofishin shugaban makaranta, filin wasa, da iyakar da ba a wucewa. Ki nuna wanke hannu da sabulu na kimanin daƙiƙa 20, da hannunki, suna kallo. Ki ba su alamar neman fita da ba ta buƙatar magana, misali ɗaga yatsu biyu, don mai kunya ma ya iya. A makonnin farko kada ki hana kowa fita. Ƙaramin yaro sau da yawa ba ya faɗa sai abin ya kai masa wuya. Idan wani ya yi a wando, ki ba ajin aiki, ki janye shi a hankali, ki canza masa, kada ki ce uffan a gaban 'yan'uwansa. Yaron da aka kunyata a kan wannan yana iya ƙin makaranta na tsawon lokaci.

Kada ki raina ƙanƙantar waɗannan abubuwa. Maria Montessori, masaniyar ilimin yara 'yar Italiya wadda ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a birnin Rum a 1907, ta ba da labarin ranar da ta koya wa yara yadda ake face majina da hankici. Ta nuna musu a nutse, mataki bayan mataki. Yaran suka zuba mata ido tsit, da ta gama suka ɓarke da tafi. Abin da ta fahimta shi ne kullum manya suna yi musu faɗa a kan majina, amma babu wanda ya taɓa tsayawa ya nuna musu yadda ake yi. Yawancin abin da muke kira rashin ji a aji ɗaya irin wannan ne: an hukunta yaro a kan abin da ba a koya masa ba.

Game da wasan da kika tambaya, wasan suna ya wadatar. Ku yi da'ira idan da fili, a mirgina ƙwallo, wanda ta zo hannunsa ya faɗi sunansa, aji duka su gaishe shi da sunan. Amma da yara 40 kada ki zagaye su a zama ɗaya, kafin ki kai na ashirin na farkon sun fara kokawa. Ki raba shi goma-goma a cikin yinin. Wanda ya kasa magana ki faɗi sunansa a madadinsa ki wuce, kada ki matsa. Kuma ki koyi jira bayan tambaya. Mary Budd Rowe, wata mai bincike kan koyarwa a Amurka, ta gano a shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa 1 kacal kafin su amsa da kansu ko su koma kan wani, kuma idan aka kai jiran daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshi suna tsawo, yaran da ba sa magana ma suna buɗe baki. Idan akwai wanda harshen gidansu daban ne da na makaranta, ki zaunar da shi kusa da mai jin harshensa, ki kuma yawaita nuni da hannu.

Ki yanka yinin gunduwa-gunduwa. Zaman sauraro na minti 10 zuwa 15, sai a motsa jiki: waƙa mai tafi, miƙewa, taɓa kai da kafaɗa da gwiwa. Umarni kuma ɗaya-ɗaya. Idan kika ce "ku ɗauko littafi, ku buɗe shafin farko, ku rubuta suna, ku kawo mini," na farko da na ƙarshe kawai za su kama, ko ma na ƙarshen kaɗai. Ki zana jadawalin yinin a gefen allo da hotuna, na ƙarshe hoton gida, kina goge kowanne idan an gama. Wannan jadawali yana kwantar da hankalin mai kuka fiye da rarrashi, domin da idonsa yake ganin gida yana matsowa. Ki tanadi ayyuka fiye da yadda kike zaton za ki buƙata. Abin da kika ware wa minti 20 yana iya ƙarewa cikin biyar.

Dokoki kada su wuce uku zuwa biyar, kuma su faɗi abin da ake yi: muna sauraron mai magana, muna tafiya a hankali cikin aji, hannunmu ba ya cutar da kowa. Ki tambaye su me zai sa kowa ya ji daɗin ajin, za su kawo miki "kada a yi duka" da "kada a yi cizo" da makamantansu, ke kuma ki dunƙule su. Ki yi wannan bayan an dawo daga tara, lokacin da suka ɗan san juna.

Za ki ji masu ba ki shawara cewa kada ki sake musu fuska, wai za su raina ki, ko ki ajiye bulala a kan tebur don su shiga taitayinsu. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Tsoro yana kawo shiru, gaskiya ne, amma shirun da ke watsewa da zarar kin juya baya, kuma yaron da ke tsoronki ba zai gaya miki bai gane ba, ba zai gaya miki cikinsa na ciwo ba. Abin da ke hana raini shi ne maganarki ta zama ɗaya: abin da kika hana da safe ki hana shi da rana, abin da kika hana wannan ki hana wancan. Ana haɗa wannan da murmushi lafiya lau.

Zanen nan da suka yi da safe kada ki zubar. Ki ce kowa ya rubuta sunansa a ƙasa yadda ya iya, ki sa kwanan wata ki adana. Ba jarrabawa ba ce, kada ki sa maki, amma za ki karanci abubuwa da yawa a ciki: wa ya taɓa riƙe fensir, wa ya san harafin farko na sunansa, wa ke dunƙule fensir a tafin hannu. Ki lura da bahagwai, kusan mutum 1 cikin 10 ne. Ki zaunar da bahago a gefen hagu na benci don kada gwiwar hannunsa ta yi ta karo da ta maƙwabcinsa, kuma kada ki tilasta masa komawa dama. Ki sa ido kan mai ƙanƙance ido idan ya dubi allo, da wanda ba ya waiwayowa idan an kira shi daga baya. Sau da yawa malamar aji ɗaya ce ke fara gano matsalar gani ko ji, kuma yaron da ba a gano tasa ba shi ake yi wa laƙabi da daƙiƙi.

Kafin tara ki nuna musu inda za su yi wasa da alamar dawowa, kuma ki fita tare da su. Wanda kika ga ya raɓe a jikin bango shi kaɗai, ki haɗa shi da wani. Bayan an dawo ki ba su labari, da littafi mai hotuna ko da baki. Ki kuma koya musu abu ɗaya ƙarami na karatu, gajeriyar waƙa ko ƙidaya zuwa biyar da yatsu, domin a gida za a tambaye su me aka koya musu, kuma yaro yana son ya sami abin nunawa.

Tashi shi ne lokaci mafi haɗari a yinin, don haka ki fara shirinsa saura minti 30. Haɗa jaka ma darasi ne: a duba ƙarƙashin benci, a ɗauki gorar ruwa, a tsince takardu. Ki zaunar da su ki tambayi abin da kowa ya fi so a yau, ki gaya musu abu ɗaya da za a yi gobe. Sannan ki tsaya a ƙofa da takardar nan taki, yara suna zaune, kina kiran suna ɗaya-ɗaya idan mai ɗauka ya iso. Hannu da hannu za ki miƙa kowane yaro. Wanda sunansa ba ya takardar kada ki ba shi yaro, ko da yaron ya ruga ya rungume shi, sai kin kira iyaye ko kin kai maganar ofis. Wanda zai ji haushi ya ji. Yaron da aka yi jinkirin ɗauka kuwa kada ki bar shi shi kaɗai, domin abin da ya ji tsoro tun safe ne yake gani yana faruwa. Ki zauna da shi, ki ba shi aikin goge allo. Idan kin sami sarari, ki gaya wa kowane uba ko uwa abu ɗaya mai kyau da ɗansu ya yi, ki tuna musu a kwantar da shi da wuri, don yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12.

Bayan kowa ya watse, ki ɗauki rajista ki rubuta kalma biyu-uku a gaban kowane suna. Sunan da kika kasa tuna fuskar mai shi, da shi za ki fara gobe a bakin ƙofa. Rana ta biyu ki maimaita alamar shiru da layi da banɗaki da tashi kamar ba a taɓa yi ba, ki ƙara sabon tsari ɗaya ko biyu kawai, misali raba littattafai da fiƙe fensir, sannan ki fara shigo da karatu kaɗan-kaɗan. Ki sa ran a mako na biyu ko na uku, idan baƙunta ta sake su, layin zai fara karkacewa, shirun ya fara jinkiri. Idan haka ta faru ki tsayar da darasi, ki sake nunawa, a sake gwadawa. Haka za ki yi kuma a ranar farko bayan kowane hutu.